Sana'ata ta zoben furannin ƙofa, da abin da ke sa ya kai ƙarshen bazara

Assalamu alaikum 'yan'uwa mata. Ni mazauniyar jihar Maryland ce a Amurka, kuma sana'ar da Allah ya rufa mini asiri da ita ita ce haɗa zoben furanni, irin wanda ake ratayawa a ƙofar shiga gida. Wasu furannin a bayan gida nake shuka su, wasu in sayo a kasuwar manoma, in busar, in ɗaure, in sayar. Hannun ɗaurin kuwa daga gida na taho da shi. Wajen ɗinkin faifai na koyi jan kaba da ƙarfi ɗaya tun daga farko har ƙarshe, kuma wannan jan shi ne rabin aikin da zan bayyana muku.

Mutanen nan suna sauya zoben ƙofa yadda shekara ke juyawa. Da hunturu a rataya na ganyen da sanyi ba ya kaɗewa, da kaka a sa na jan ganye da zangarniyar hatsi, na bazara kuma ya hau ƙofa a Yuni ya sauka a Satumba. Al'adar daɗaɗɗiya ce a ƙasashen Turai. A Girka har gobe ana saƙa zoben fure ranar 1 ga Mayu a rataya a ƙofa, ya bushe a wurin, sai wajen 24 ga Yuni a jefa shi a wutar bikin tsakiyar bazara. A Latbiya kuma daren 23 ga Yuni maza na ɗora zoben ganyen wata babbar bishiyar ƙasarsu mai suna ok a ka, mata na furen daji, a ƙawata ƙofofi da ganye. Wanda nake yi dai ado ne zalla, yadda mace za ta share ƙofar gidanta ta gyara don mai shigowa ya ji daɗi.

A cikin duka, na bazara ya fi wuyar sha'ani, domin shi ke shan rana, shi ke shan laima. Kowa na iya haɗa zoben da zai yi kyau ranar da aka rataya shi. Gwaninta ita ce a zo ƙarshen Agusta a same shi da launinsa, bai zube ba, bai yi fumfuna ba.

Don haka kafin in taɓa fure ko ɗaya, tambayata ta farko ga mai saye ita ce: ina ƙofarki ta kalla? A nan ƙofar da ta kalli kudu ko yamma ita ke cin rana mafi zafi, ta yamma ma ta fi muni don ranar la'asar tana dukan ta kai tsaye. Wadda ta kalli arewa kusan kullum a inuwa take. Tambaya ta biyu, akwai rumfa a kanta ko ruwan sama na taɓa ta? Ta uku, akwai ƙofar gilashi a gabanta? Gidaje da yawa a nan suna da ƙofa biyu, ta katako ko ta ƙarfe a ciki, ta gilashi a waje don tare iska da ruwa. Tsakaninsu inci biyu ne zuwa huɗu. Idan rana ta bugi gilashin, zafi ya taru a wannan ɗan sarari ba shi da mafita, har gam ya saki, furen roba ya lanƙwashe. Amsar waɗannan tambayoyi uku ita ke zaɓar kayan aiki. Ƙofa mai rumfa da inuwa tana ɗaukar busasshen fure na gaske. Ƙofar da rana da ruwa ke duka sai furen roba da aka yi don waje. Mai gilashi kuma tana son zobe siriri wanda kaurinsa bai wuce inci uku ba, ɗaurin waya kawai, babu gam ko ɗigo. Ina gaya wa mai saye wannan ƙarara ko da ranta bai so ba, domin ba na jin daɗin in ga lafanda, furen nan shunayya mai ƙamshi, da na raina wata da watanni ta koma toka-toka cikin mako biyu a ƙofar da ba ta dace da ita ba.

Batun girma ba shi da tsawo. Ƙofar shiga gida a Amurka galibi faɗinta inci 36, tsayinta inci 80. Zoben da ya kammala a inci 22 zuwa 24 shi ya fi zama mata daidai, don yana barin kamar inci shida kowane gefe. A tuna fure yana ƙara wa ƙashin zobe, wato da'irar da ake ɗaura furen a kanta, inci biyu ko uku ta kowane ɓangare, saboda haka ƙashi mai inci 18 shi zai ba da 24. Mai ƙofar gefe ko ta bene ta nemi ƙashi mai inci 12 ko 14.

Ƙashin zobe iri huɗu ne a kasuwa: na reshen inabi, na waya, na karan alkama da aka matse, da na farin soso mai tauri. Na karan alkama yana shan ruwa ya riƙe, a laimar Yuli sai ya yi baƙi daga ciki. Na soso kuwa gam mai zafi yana narkar da shi, fentin feshi ma yana cinye shi, kuma idan iska ta buga shi da ƙofa sai ya tsage. Biyun nan na cikin ɗaki ne. Na ƙofa, ko inabi ko waya.

Na inabi shi ne abin ƙaunata, kuma mace na iya naɗa abinta. Masu gonar inabi suna sassabe a ƙarshen hunturu, wajen Fabrairu da Maris, kuma da yawa za su bar miki rassan kyauta. A zaɓi masu kaurin fensir zuwa na ƙaramin yatsa, tsawon ƙafa shida zuwa goma. Ɗanye yana lanƙwasuwa da kansa. Wanda ya bushe sai an jiƙa shi a baho kwana guda, in ba haka ba ya karye a gaɓa. A ɗauki mafi kauri a yi da'ira da shi, a riƙa cusa jelarsa ciki da waje tana zagaya jikinsa, yadda ake naɗa gammo. Kowane sabon reshe a fara shi daga wani wuri dabam, kuma duk su bi hanya ɗaya. Rassa takwas zuwa goma sha biyu sun isa ƙashi mai inci 18. Kada a yanke 'yan zaren nan masu murɗewa da inabi ke kama jingina da su, su ke riƙe karan fure daga baya. A kwantar da shi a ƙasa, a ɗora katako da wani abu mai nauyi na mako biyu, don wanda ya bushe a rataye yakan miƙe ya zama ƙwai. Mai shiga daji neman inabin daji kuma ta kiyayi wata kurangar da ke hawa bishiya, mai ganye uku-uku, jikinta da gashi-gashi. Tana da wani mai da ke fesar da ƙuraje masu ƙaiƙayi da ruwa, kuma man yana nan ko da ta bushe ba ganye.

Yanzu furanni, inda aikin ya fi cin lokaci kuma ya fi daɗi. Ba kowane fure ke bushewa da kyansa ba. Masu ruwa a jiki suna yamushewa su yi baƙi. Waɗanda na dogara da su su ne masu jikin takarda tun suna kan uwa. Akwai wanda masu sayar da iri ke rubuta wa Helichrysum, ɗan asalin Ostareliya, mai rawaya da ruwan goro da ja. Shi ana yanke shi ne tun layi biyu ko uku na waje kawai suka buɗe, domin yana ci gaba da buɗewa bayan an yanke. Wanda aka bari ya buɗe sarai a gona, idan ya bushe sai ya juye baya, tsakiyarsa ta tashi ta zama auduga ta watse. Karansa ba shi da ƙwari, don haka ana guntule shi a bar rabin inci, a soka siririyar waya ta ƙasan kan tun yana ɗanye. Yana bushewa zai matse wayar ya riƙe ta da kansa. Akwai Limonium, shuɗi da shunayya, wanda ya fi kowa riƙe launi. Shi kuma akasin na farko ne, sai ya buɗe sosai ake yanka, don ba ya ƙara buɗewa. Akwai Gomphrena mai ƙananan kawuna zagayayyu, wanda ba ya tsoron zafi. Lafanda ana yanke ta idan 'yan furannin ƙasan zangarniya suka fara buɗewa. In an makara, tana bushewa sai ta riƙa zuba duk sanda aka rufe ƙofa. Haidiranjiya, mai babban kai, ba a yanke ta a Yuni tana sheƙi. Sai ƙarshen Agusta ko Satumba, idan an shafa an ji ta fara kaushi, sannan a tsayar da ita a kwalba da ruwa inci biyu, a bar ruwan ya ƙare da kansa. Ke nan ta bana ta zoben baɗi ce.

Yanka da hantsi ake yi, bayan raɓa ta ɗauke, kafin rana ta take. A zage ganyen kara duka, don ganye ke riƙe ruwa ya kawo ruɓa. A haɗa kara takwas zuwa goma a ɗaure da robar ɗaure kuɗi. Zare ba ya yi, saboda kara na ramewa in ya bushe, sai ya zame ya faɗo, roba kuwa tana bin sa tana matsewa. A rataya kai ƙasa a wuri mai duhu, busasshe, mai iska, a bar tazarar tafin hannu tsakanin ɗauri da ɗauri. Duhun shi ke tsare launi. Mako biyu zuwa uku ya isa, kuma alamar ya yi ita ce kara ya karye ƙas in an lanƙwasa shi. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa da gidajen nan ke da shi yana da duhu amma yana da laima, sai an kunna fanka ko na'urar tsotse danshi. Furen da aka ɗaura a zobe da sauran ruwa a wuyansa, kwana kaɗan zai sunkuyar da kai, kuma ba ya sake miƙewa.

Ganyen cika zobe kuwa, wanda ya fi shi ne na bishiyar turare. Idan aka busar da shi haka kawai yana marmashewa. Maganinsa gilisarin, wani ruwa mai kauri da santsi marar launi: kashi ɗaya na gilisarin, kashi biyu na ruwan zafi, a gauraya a bari ya huce zuwa ɗumi. A yanke gindin reshe a karkace, a ɗan daddaka shi, a tsoma inci uku a ciki. Reshen zai sha, gilisarin ya maye gurbin ruwan ganyen, cikin mako biyu zuwa shida ya zama mai laushi da santsi, launinsa ya ɗan yi duhu. Dole reshen ya zama sabon yanka kuma ganyensa ya ƙosa, toho ba ya ɗauka. Illarsa ɗaya: a ranar da laima ta yi yawa yana iya yin gumi ya ɗiga, kuma in na kanti ne da aka rina, ɗigon zai bar layi a farar ƙofa. Mai farar ƙofa ta liƙa ƙyalle a bayan zoben ko ta haƙura da shi.

Abin da ke faranta mini rai a wannan sana'a shi ne gero da dawa suna da daraja a cikinta. Akwai wani gero mai jan ganye da zangarniya shunayya mai duhu, wanda Jami'ar Nebraska ta fitar, ana sayar da irinsa da sunan Purple Majesty, har ya ci lambar zinariya ta gasar sababbin irin shuka ta Amurka a 2003. Geronmu ne dai na fura, a nan ya zama abin ado. Akwai kuma dawar tsintsiya mai doguwar zangarniya ja da ruwan ƙasa. Ana yanke zangarniya bayan bununin ya kaɗe, kafin ƙwaya ta ƙosa. Idan ƙwaya ta cika, kin yi wa tsuntsaye da kurege walima a ƙofa, kwana uku sai tsinke. Duk wani hatsi da zai hau zobe, har alkama, a sa shi a leda a firiza mako guda don kashe ƙwan ƙwari.

Mu zo ga ɗauri. Kayan aiki: wayar masu fure da ke naɗe a ɗan katako, lamba 22 ko 24, filaya mai yanka waya, da almakashin reshe. Lambar waya tana hawa, wayar tana sirancewa. Lamba 26 ta lafanda ce da masu siririn kara, 22 ta ganye da zangarniya. Abu na farko, tun zobe na tsirara, a yi masa madauki a baya da waya ninki biyu, a ɗaura jan zare a wurin don a san sama. Wadda ta bar madauki sai ƙarshe za ta kife zoben a kan furensa ta murƙushe shi.

Sai a shirya ƙananan ɗauri duka kafin a fara, kowanne tsawon inci biyar zuwa shida: ganye biyu ko uku a baya, fure uku ko huɗu a gaba, kawunansu hawa-hawa. Ƙashi mai inci 18 kewayensa kusan inci 56 ne, idan ana ajiye ɗauri kowane inci biyu, ana bukatar 28, ni nakan shirya 30. Zoben lafanda zalla a ƙashi mai inci 14 yana cin ɗauri kamar 30, kowanne kara 10 zuwa 15, wato kara 300 zuwa 450. Wannan lissafin ke sa tsadarsa, kuma shi ya kamata mai son sayarwa ta yi kafin ta faɗi kuɗi.

A ƙulla bakin waya a jikin ƙashi. A kwantar da ɗauri na farko, a zagaya gindinsa da waya sau uku, a ja sosai. Ba a yanke wayar. A ɗora na biyu kansa ya rufe gindin na farko, a zagaya sau uku, a ja. Haka za a bi da waya ɗaya har a zagayo, duk kawunan suna kallon hanya ɗaya. Ɗaya a karkata shi waje, na biye ciki, na uku tsakiya, don zoben ya cika ta gefe, kada mai tahowa daga hanya ya hango ƙashi. Ja shi ne sirrin. Busasshen kara yana son a ja har a ji ya zauna amma bai fashe ba. Ɗanyen ganye yana son fiye da haka, domin zai rame ya bar waya sako-sako. Kowane ɗauri biyar a ɗaga zoben a jingina shi da bango, a ja da baya taku uku a duba. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma abin da ke ɓoye a tebur yana fitowa fili a tsaye. Wurin da aka fi gane hannun koyo shi ne mahaɗa. Idan an zo ƙarshe, a ɗaga kan ɗauri na farko, a cusa gindin na ƙarshe a ƙarƙashinsa, a ɗaure a can ciki, sannan a juya baya a yanke waya a murɗe ta a jikin ƙashi, a lanƙwasa bakinta ciki don kada ta karce fenti.

A ƙashin inabi ba lallai a rufe duka ba. Nakan rufe kashi biyu cikin uku, ko rabi ta gefen hagu zuwa ƙasa, in bar reshen ya fito. A irin wannan, ɗaurin na tasowa daga ɓangare biyu su haɗu a wuri ɗaya, a rufe mahaɗar da manyan furanni uku ko da ƙulli na ƙyallen algarara. Launi uku sun isa: ɗaya ya mamaye, ɗaya ya taimaka, ɗaya ɗan kaɗan. A dubi fentin ƙofa kuma. Baƙar ƙofa ko shuɗiya mai duhu tana haɗiye shunayya, tana son rawaya da fari. Farar ƙofa tana haɗiye farin fure.

Gam na bindiga, wanda ake narkarwa da wata 'yar na'ura mai kama da bindiga, yana da wurinsa, amma ƙarami ne. Mai zafi sosai yana fita a wajen digiri 190 na Salshiyas, mai sauƙin zafi a wajen 120. Na biyun ya fi saurin saki a ƙofa mai rana, don abin da ya narke da wuri yana laushi da wuri. Ina amfani da mai zafin ne kawai wajen cike gurbi da ƙananan kawuna, kuma kwanon ruwan sanyi na kusa da hannuna saboda ƙuna. Duk abu mai nauyi, kamar lemun roba ko babban furen rana na roba, a huda shi a zura waya a ɗaure da ƙashi. Busasshen yankan lemu da ake gasawa a tanda yana da kyau a hoto, amma yana tsotsar laima ya yi danƙo ya kira ƙuda, a bar shi sai hunturu. Furen roba ma ba duka ke jure rana ba. A nemi wanda aka rubuta an yi shi don waje, sauran ja da shuɗinsu na koɗewa kafin bazara ta raba.

Bayan an gama, a fita waje a fesa masa feshin kariya daga hasken rana marar launi, daga nisan inci 12, shafi biyu ko uku marasa kauri, a bar kowanne ya bushe. Feshi mai yawa a lokaci ɗaya yana manne furanni ya dusashe su. Yana rage koɗewa da zuba, amma ba ya mai da busasshen fure mai jure ruwan sama.

Wajen ratayawa, ba a buga ƙusa a ƙofar ƙarfe ko ta gidan haya. Ƙofar ƙarfe tana karɓar ƙugiya mai maganaɗisu. Akwai ƙugiyar da ke hawa saman ƙofa, sai dai in ƙofar ta matse da dogaranta tana hana ta rufuwa da kyau, ta ci robar da ke tare iska. Akwai mai mannewa irin wadda ake sayarwa da sunan Command, a sayi ta waje, a goge wurin da sifirit, a danna, a jira awa guda kafin a ɗora nauyi, kuma a duba nauyin da aka rubuta a kwalinta. Hanyar da na fi so ita ce a manna ƙugiya a kife ta cikin gida, a ɗaura ƙyalle mai faɗi a zoben, a haye da shi saman ƙofa a maƙala. Tsakiyar zoben ta zo daidai idon mai tsaye, kada ta rufe ramin leƙe ko lambar gida. A liƙa ɗan ƙyalle mai laushi wuri uku a bayansa don kada ya karce ƙofa, a kuma kama ƙasansa da ƙaramar ƙugiya ta biyu in unguwar na da iska. Masu zama a bene su tambayi masu gidan tukuna, wasu gine-ginen sun hana rataya abu a ƙofa saboda dokar gobara.

Sai maganar tsuntsu, wadda sababbin zuwa ba su san ta ba. Akwai wani ɗan tsuntsu a nan, namijin mai jan kai da ƙirji, wanda ke matuƙar son yin sheƙa a bayan zoben ƙofa. Dokar kare tsuntsaye ta Amurka ta 1918 ta hana taɓa sheƙar irinsa muddin akwai ƙwai ko 'ya'ya a ciki. Kwanci kusan mako biyu ne, renon 'ya'ya ma kusan haka ko ya ɗan fi, ke nan wata guda ana lallaɓa ƙofa ko ana bi ta baya. Rigakafinsa shi ne a riƙa leƙa saman zoben kowace safiya a farkon bazara. In an ga tsinken ciyawa ya fara taruwa, a sauke zoben kwana uku ko huɗu, za su nemi wani wuri. Zobe siriri da ya kwanta jikin ƙofa bai cika jan su ba.

Ƙura kuma ana kaɗe ta da na'urar busar da gashi a iska mai sanyi, daga nesa, ko da burushin kwalliya mai laushi. Idan an yi hasashen guguwa, a shigo da shi ciki. Masu yara ƙanana da kyanwa su share abin da ya zubo, don ganyen turare da haidiranjiya suna da illa in an ci.

Idan Satumba ta yi aka sauke, kada a sa shi a leda, leda na tara gumi. A samo kwali mai faɗi, a ɗaure zoben da gindin kwalin da waya wuri biyu don kada ya yi yawo, a jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a ajiye a saman kabad. Ƙarƙashin rufin gida ya yi zafi, ƙarƙashin ƙasa ya yi laima, kuma ɓera na bin mai zangarniya. Busasshen fure na gaske da ya yi bazara ɗaya a waje da wuya ya yi ta biyu da kyansa, sai dai ya koma bangon falo. Ƙashin inabin kuwa yana shekaru. A warware wayar, a kakkaɓe shi, a wanke da ruwa, a shanya a rana, ya jira furannin da ke rataye a duhu suna bushewa.